Filaks ɗin daji mai shuɗin fure: ana shuka shi a gida, ana kuma cin 'ya'yansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, shekara huɗu ke nan. A gefen wata hanyar ƙafa da muke bi da yara akwai wani siririn tsiro mai shuɗin fure, da safe ya cika wuri, kafin azahar furen ya zube. Maƙwabciyata ta ce filaks ɗin daji ne, ɗan asalin nan, ɗan'uwan wanda nake saye a kanti ina zubawa a kunu. Zan iya shuka shi a bayan gida in huta da saye? Ana cinsa kuwa? Don na ji an ce da guba a cikinsa. Kuma in na kai irin Kano zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, kuma yadda kika kwatanta furen nan da ke zubewa kafin azahar, ko ban gani ba na san abin da kike nufi. Shuka shi ba wuya, ya fi alayyahu rashin rigima. Ana cin ƙwayarsa da ta nuna, in an bi da ita ta ruwa da wuta. Amma batun ki huta da saye, ki cire shi daga ranki tun yanzu, zan nuna miki dalili da lissafi. Kano kuma ba wurinsa ba ne.

Sunansa a wurin masana tsirrai Linum lewisii. Wanda kike saye a kanti kuwa Linum usitatissimum ne, shi Larabawa ke kira kattan, da zarensa ake saƙa yadin lilin, kuma ɗan Adam ya fi shekara dubu takwas yana nomansa tun daga yankin Gabas ta Tsakiya. Dangi ɗaya ne, sai dai na kanti ɗan gida ne da aka hora, a shuka shi a girbe cikin wata uku zuwa huɗu ya mutu, na dajin kuma saiwarsa tana kwana a ƙasa ta sake tohowa kowace shekara. Yana fitowa da kansa a yammacin Amurka ta Arewa, tun daga Alaska da Kanada har arewacin Meziko, a kan tudu da gangaren dutse da filin ciyawa mai ƙarancin ruwa. Sunan ya samo asali daga Meriwether Lewis, ɗaya daga cikin jagorori biyu na ayarin da ya ratsa yammacin ƙasar tsakanin 1804 da 1806. A watan Yulin 1805, a bakin kogin Misuri cikin yankin da yanzu ake kira Montana, ya rubuta cewa ya ga wani filaks mai saiwar da ba ta mutuwa, ɓawon karansa da ƙarfi, kuma yana ganin zai yi amfani in an noma shi. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Frederick Pursh, shi ya raɗa masa sunan a littafin da ya fitar a Landan a 1814. To, yau sama da shekara ɗari biyu, hasashen Lewis bai cika ba tukuna. Akwai masu bincike a jihar Dakota ta Arewa da ke ƙoƙarin hora shi ya zama amfanin gona mai ba da mai wanda ba sai an sake shuka ba duk shekara, amma har yanzu ba ki ga buhunsa a kasuwa ba. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, tun kafin Lewis ya zo sun san shi sarai. Ƙabilun bakin kogin Misuri suna tara ƙwayar su sa a girki don ɗanɗano da ƙarfin jiki, mutanen Klamath na jihar Oregon kuma suna tufka igiya da ragar kamun kifi da zarensa.

Kafin mu kai ga shuka, akwai wata tuntuɓe da ni kaina na ci. Shekarar farko da na so shuka shi na sayi ƙullin iri a wani shagon kayan lambu, a jiki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗan asalin ƙasa ne. Ya fito, ya yi kyau, shuɗinsa har yana ɗaukar ido. Sai da wani abokin aiki ya durƙusa ya leƙa cikin furen, ya ɗago yana dariya ya ce ai wannan Bature ne. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da ya faru shi ne, a 1980 hukumomin aikin gona na Amurka suka fitar da wani iri mai suna Appar, suna zaton Linum lewisii ne, don an samo shi ne a jihar Dakota ta Kudu. Aka yi ta watsa shi a gefen tituna da wuraren da gobarar daji ta cinye. Daga baya bincike ya nuna ashe Linum perenne ne, ɗan Turai da ya tsere daga lambu ya zauna a daji. Sai a 2003 aka fitar da iri na ainihi mai suna Maple Grove, wanda aka samo a jihar Yuta. Saboda haka abin da kike gani a gefen hanyarku yana iya zama kowanne daga cikin biyun.

Ga yadda za ki raba su, kuma aikin da yara za su so ne. Ki je da sassafe, ki duba tsakiyar furen. Akwai zare biyar masu ɗauke da garin fure a kai, su ne ɓangaren namiji, akwai kuma wasu sirara biyar da ke fitowa daga tsakiya, su ne na mace. Ki duba gindi goma daban-daban. In kika ga a wani gindin na macen sun fi tsawo, a wani kuma na namijin ne suka yi sama na macen suka noƙe ƙasa, to ɗan Turan ne. In duk gindin tsarinsu ɗaya ne, na macen daidai da na namijin ko sun ɗan ɗara su, ɗan ƙasa ne. Yawanci kuma shuɗin ɗan ƙasar ya fi kodewa, kamar sararin sama da hantsi, na Turan ya fi cizawa. A wajen ci bambancinsu ba wani babba ba ne, hukunci ɗaya ya hau kansu. Amma tunda kin ce ɗan asalin wurin kike so, ki nemi mai sayar da irin da zai faɗa miki daga ina aka samo shi. Wanda za ki guje wa gaba ɗaya shi ne filaks mai rawayan fure, akwai ire-irensa a filayen nan, kuma an san wasu da kashe tumaki. Haka mai jan fure da ake sayarwa don ado, ɗan Aljeriya ne, na kallo ne kawai.

Kada ki ɗebi iri a gefen hanyar nan. Na farko, a gandun daji na ƙasa doka ta hana tsinkar tsiro, filayen birni da na gunduma ma galibi haka ne, sai da izini. Na biyu, ana fesa maganin ciyawa a gefen hanyoyi. Irin da kika saya a ƙulli shi ma na shuka ne ba na baki ba, don ana iya cuɗa shi da maganin ƙwari ko na ruɓa, kamar dai irin masara mai launin ja da ake raba wa manoma a gida. Abin da za ki ci shi ne abin da gonarki ta haifa.

Yanzu shuka. Duk kuskuren da mutane ke yi da wannan tsiro guda ne: suna lallashinsa. A zuba masa taki, a ba shi ruwa safe da yamma, sai ya yi tsawo ya yi laushi ya kwanta, saiwar ta ruɓe. Shi ɗan wahala ne. Ruwan da ke sauka a Denver, babban birnin jiharku, a shekara bai kai milimita 400 ba, kusan na Damagaram ke nan, kuma ya ishe shi. Abin da yake so rana ce sosai, aƙalla awa shida, da ƙasa mai yashi ko tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Matsalarku a can ita ce bayan gidaje da yawa laka ce mai danƙo. In taki haka take, ki tayar da kunya mai tudu kamar taƙi ɗaya, ki gauraya da tsakuwa ƙanana, ko ki zaɓi wurin da ke da gangare. Taki kuma ki bar shi wa tumatir.

Lokacin shuka shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ta yi sanyin da irin ba zai tsiro nan take ba. Na san abin zai yi miki banbaraƙwai, mu da muka saba jiran ruwan shuka. Amma shi haka yake yi a daji: ƙwayar ta faɗi, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara wata da watanni, sanyi da danshi su tashe ta, sai ta fito a Afrilu. In kin makara, ki gauraya irin da yashi mai ɗan danshi cikin leda, ki sa a firji, ba wurin ƙanƙara ba, na kwana talatin, ki shuka a Maris ko farkon Afrilu. Kada ki binne shi. Ki share wurin tas, ki yafa irin, ki bi da rairayi sama-sama wanda bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, ki danna da tafin hannu ko ki taka a hankali. Rabin santimita ma ya yi zurfi. In ya fito ya cunkushe, ki rage, ki bar kamar santimita 30 tsakanin gindi da gindi. Ba ya son dashe, saboda yana da uwar saiwa guda doguwa kamar ta karas, da ta katse shi ke nan.

Shekarar farko za ki ce an cuce ki. Wasu 'yan sirara ne za su fito da ganye ƙanana kamar allura, launinsu kore mai toka-toka, wataƙila ki ga fure ɗaya-biyu a ƙarshen zafi. Aikinsa yana ƙarƙashin ƙasa. A wannan shekarar ce kawai yake bukatar ki, ki ɗan ba shi ruwa in ƙasa ta bushe ƙamas, ki cire masa ciyawa da hannu, don ciyawa na iya shaƙe shi yana ƙarami. A shekara ta biyu sai gindi ɗaya ya fitar da kara ashirin ko fiye, tsawonsu ya kai gwiwa ko cinya, su ranƙwafa kamar maɓuɓɓugar ruwa. Daga Mayu zuwa Yuli kowace safiya sabon fure. Na kan fito bayan sallar asuba da kofin shayi in tarar suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan ƙudan zuma na daji suna shawagi, kafin rana ta take ƙasa ta yi shuɗi da ganyen furen da ya zube. Kowane fure yini ɗaya gare shi, rabin yini ma in ana zafi. Gindin yana yin shekara uku zuwa biyar ya gaji, amma kafin nan ya zubar da 'ya'yan da za su gaje shi, har sai kin riƙa cirewa a inda ba ki so.

Wannan zubar da 'ya'yan shi ne asalin abin da ya raba na daji da na gida, kuma shi ne zai hana ki hutawa da saye. Bayan fure ya faɗi sai wani ɗan kwanso zagayayye ya fito, girmansa kamar ƙwayar wake ƙarama, a ciki ɗaki goma, kowane ɗaki ƙwaya ɗaya. Na gida, kakannin manoma sun yi dubban shekaru suna zaɓen wanda kwansonsa ke zama a rufe har a girbe, kuma gona ta nuna gaba ɗaya. Na daji ba ruwansa da manomi. Da kwanso ya bushe sai bakinsa ya tsage, iska ta kaɗa, ƙwaya ta watse. Kuma tunda yana fure sati shida ko fiye, a kara ɗaya za ki ga na ƙasa ya riga ya fashe, na tsakiya ya yi ruwan ƙasa, na sama kore shar, can ƙoli kuma fure ne. Wata shekara na yi tafiyar kwana tara a Yuli, na dawo na tarar da kwanso duk a hangame, ba komai ciki, tsuntsaye da ɓeraye sun yi walima.

Wanda ya taɓa ganin girbin riɗi a Jigawa ya riga ya san maganin abin. Ba a jira riɗi ya bushe a tsaye. Haka za ki yi: da kin ga mafi yawan kwanson sun koma launin kara busasshe, kin girgiza kin ji suna ƙara kamar caki, ki yanke karan da safe da sauran raɓa, lokacin kwanson bai buɗe baki ba. Ki ɗaure dami ƙanana, ki zura kawunan cikin jakar takarda, ki rataye a inuwa inda iska ke shiga na sati biyu. Leda ba ta yi, tana sa fumfuna. Bayan nan ki murje kawunan da hannu a cikin babban kwano, ki bakace a faifai ko tire. A hankali za ki yi, ƙwayar ba ta da nauyi, in kika hura da ƙarfi da ita da ƙaiƙayin za su tafi tare. Mai kyau baƙa-baƙa ce mai sheƙi, shafaffiya, tana sulɓi a yatsa. Duk wadda ta yi kore ko fari ko ta motse, ki zubar.

Ga lissafin da na yi miki alkawari. Ƙwaya dubu ta filaks ɗin kanti tana kai giram biyar zuwa bakwai. Ta daji dubu ba ta fi giram biyu da wani abu ba. Babban cokali ɗaya kusan giram goma ne, wato ƙwaya wajen dubu biyar, wato kwanso ɗari biyar in kowanne ya cika goma cif, alhali ba kowanne ke cika ba. Cokali ɗaya ke nan, na kunun safiya ɗaya. Kunya mai tsawon ɗaki za ta ba ki abin da za ki ɗanɗana, ki ba maƙwabciya, ki ajiye iri. Ba za ta ciyar da gida shekara ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma wannan zomon gudunsa ya fi namansa yawa.

Sai batun guba, wanda shi ne ya fi muhimmanci a tambayarki. Gaskiya ne, kuma ba na daji kaɗai ba, har wanda kike saye yana da ita. Kuma guba ce da kika sani tun a gida: ita ce ta rogo mai ɗaci. Sinadarin da ke cikin rogo sunansa linamarin, kuma daga sunan Linum aka ciro shi, don a jikin filaks aka fara gano shi kafin a san yana cikin rogo. A ganyen filaks da furensa da ɗanyen kwanso shi ne ya fi yawa, a ƙwayar da ta nuna kuma 'yan'uwansa ne guda biyu, linustatin da neolinustatin. Su kansu ba sa kisa. Wuƙa ce a cikin kube. A wani ɓangare na ƙwayar akwai wani sinadari dabam mai zare ta. Muddin ƙwayar tana nan a bushe ba a fasa ba, ba sa haɗuwa. Da an niƙa, ruwa ya shiga, sai su gamu, gubar sayanayid ta fito. Tsiron ya tanadi wannan ne don duk abin da zai tauna shi. Shi ya sa makiyayi ba ya barin shanunsa su faɗa wa gyauron dawa, dabara ɗaya ce da sinadari dabam, kuma dabbobi masu tuƙa sun fi saurin kamuwa don ƙwayoyin halittar cikin tumbinsu suna zare wuƙar nan da sauri.

Abin da ya cece mu shi ne sayanayid ba ta da zama. A zafin digiri 26 kacal take zama iska ta tashi. Duba yadda ake garin kwaki: a gurza rogo, a bar shi ya kwana biyu cikin ruwansa, a matse, sannan a soya a buɗaɗɗen kasko. Gurzawa da jiƙawa su fito da gubar, wuta ta kore ta. A nan ne nake saɓa wa masu cewa a soya filaks a busasshen kasko shi ke nan an gama. Suya tana ba shi ƙamshi, tana rage wani abu, amma sinadarin da ke cikin kube yana jure busasshen zafi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan na gida sun nuna dafawa cikin ruwa, ko gasawa cikin jiƙaƙƙen kwaɓi irin na burodi, su ne ke kawar da kusan dukkanta, busasshiyar suya kuwa kaɗan take ragewa. Na daji ba wanda ya tace shi ya zaɓi mai ƙarancin guba, kuma ba hukumar da ta auna abin da kika girba a bayan gidanki. Na kanti aƙalla akwai ido a kansa, Tarayyar Turai ma tun 2023 ta kafa iyakar miligiram 150 a kowane kilo ga wanda za a sayar wa mai ci, hukumar abinci ta Suwidin kuma tana shawartar mutane kada su ci niƙaƙƙensa. Saboda haka na daji ya fi cancantar a yi masa cikakken aiki.

Ga yadda nake yi. In ɗora kasko a wuta kaɗan, in zuba ƙwayar, in riƙa juyawa. Cikin minti biyu zuwa uku za ta fara tsalle tana ƙara kamar riɗi, ƙamshi mai kama da na gyaɗa ya tashi. Ki sauke nan take, don tsakanin ƙamshi da ƙuna ƙiftawar ido ne, in ta ƙone kuma ɗaci za ta yi. In ta huce in niƙa a ɗan injin niƙa kayan yaji, in dama garin da ruwa mai ɗumi in bar shi kamar rabin awa, sannan in juye cikin kunu ko fate yana tafasa, in bar tukunya a buɗe minti biyar zuwa goma. Buɗewar nan ba ado ba ce, ta nan gubar ke fita. Za ki ga ya yi yauƙi kamar karkashi, wannan daga fatar ƙwayar ne, ba lalacewa ba ce. Ana kuma sa shi a kwaɓin burodi ko fanke. Mutanen Habasha, waɗanda suka fi kowa noman filaks a Afirka, suna kiransa telba, su soya su daka su dama da ruwa da zuma, musamman a kwanakin azuminsu. Da na gida suke yi. In za ki kwaikwaye su da na daji, ki tafasa tukuna.

Ɗanɗanonsa ya fi na kanti ƙarfi, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ni ƙaramin cokalin shayi ɗaya nake sa wa babba a rana, a matsayin kayan ƙamshi, ba abinci ba. Jikin babba lafiyayye yana iya sarrafa ɗan abin da ya rage, hanta tana haɗa shi da sinadarin kibiritu da ke cikin nama da ƙwai da wake, ya fita ta fitsari. Amma abin da yake komawa ɗin yana hana jiki ɗaukar aidin yadda ya kamata, don haka mai maƙoƙo ko ciwon da ya shafi wannan ƙullin na wuya ya bari sai ya ga likitansa. Yara ƙanana kada ki ba su, nauyin jikinsu kaɗan ne, abin da babba zai shanye su zai yi musu yawa. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su haƙura. Mai shan magani kullum ya raba lokacinsa da na filaks da awa biyu, don yauƙin yana rage shigar magani jiki, kuma kowa ya ci ya sha ruwa sosai, in ba haka ba maimakon ya saki ciki sai ya ɗaure shi. Ganye da fure da koren kwanso ba a cinsu ko kaɗan, kada ki ga yana kama da ganyen miya. Ki ja wa yaran kunne tun ranar da za ku je duba furen. In wani ya ci ɗanye da yawa ya fara jiri, ciwon kai, amai ko numfashi sama-sama, asibiti za a nufa ba jira.

Abin da ake nema a filaks shi ne mansa, mai ɗauke da nau'in kitsen nan omega-3 na tsirrai, kuma na daji ma yana da shi da yawa. Sai dai wannan man shi ne mai saurin lalacewa in ya sha iska, shi ya sa ma ake haɗa fenti da man filaks, yana bushewa ya daskare. Ƙwayar da ba a fasa ba tana shekara a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Wadda aka niƙa kuwa ta fi saurin lalacewa. Ki niƙa ta yau don yau. In kika buɗe kika ji warin fenti, ta tashi daga aiki.

Karan da kika murje ma kada ki zubar duka. Ki jiƙa shi a bokiti kamar yadda ake jiƙa rama, kwana biyar zuwa sati, a waje don yana wari, ki shanya, ki karya ki sheƙe itacen, za ki ga zare siriri mai ƙarfi. Bai kai na lilin tsawo ba, amma ya isa ki nuna wa yara yadda ake tufka igiya a cinya.

Batun Kano kuwa, abu uku ne za su kashe shi. Yana bukatar sanyin hunturu na gaske, mai daskarar da ƙasa, kafin ya tsiro da kyau ya kuma yi fure, sanyin Janairun Kano bai kai nan ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai ƙona shi. In ya tsira, ruwan Agusta ya ruɓar da saiwar. Ga shi kuma shigar da iri cikin Najeriya sai da takardar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, ba a cusa shi a jaka kawai. In akwai wani a gida da ke son gwada filaks, na gida zai nema, mai shekara ɗaya. Shukar sanyi ce kamar alkama, haka ake nomansa a Masar da hunturu ta ban-ruwa. Sai ya gwada kadada kaɗan ko ma 'yan kunyoyi a fadama, ya shuka a tsakiyar Nuwamba lokacin da masu alkama ke shuka a Kadawa, don kwana 90 zuwa 120 da yake bukata su cika kafin zafin Maris ya kama.